Takarda ta ce mun warke, ƙirji bai ji ba

Daga inda bato yake tsayawa a tashar jiragen ruwa ta Treichville zuwa bakin titi, tafiyar ba ta kai minti 3 ba ga mai lafiya. Da safe, da zarar an ɗaure igiya an buɗe ƙofa, sai jama'a su kwararo gaba ɗaya, ma'aikata da 'yan makaranta da mata masu kwanduna, kowa yana sauri kada ya makara. Cikin wannan turereniya ne na lura da wani dattijo mai farar hula. Ya hau 'yar gadar da ta haɗa jirgi da tudu, ya yi taku kamar 20, sai ya raɓe gefe ya ciro waya daga aljihu yana dubawa. Ya ci gaba, kafin ya kai ƙofar fita ya sake tsayawa, ya sake ciro wayar. Ba wanda ya kira shi. Na san haka ne domin ni ma dabarar da nake yi ke nan: ka tsaya kamar kana karanta saƙo, alhali numfashinka kake jira ya iso.

Da na matso sai na gane fuskar. Shekara 5 da suka wuce mun sha zama a benci ɗaya da sassafe, kowa riƙe da katinsa, muna jiran a miƙo mana ƙwayoyin tarin fuka.

Na ce, "Baba, ina kwana? Ka gane ni kuwa?"

Ya ɗago ya ƙare mini kallo, sannan ya ce, "Kai, ɗana, kai ne? Lahiya lau. Ai sunka ce mun warke, ko ba haka ba?" Ya fashe da dariya, dariyar ta rikiɗe ta koma tari, sai da na riƙe masa jakarsa.

Muka samu gefe muka tsaya, ga gadar Houphouët-Boigny motoci sun cunkushe a kanta, ga dogayen benayen Plateau a ƙetaren ruwa. Ranar na makara wajen aiki. Ba zan faɗi sunansa ba, shi ma bai so a faɗa ba. Baba nake ce masa tun muna benci, Baba zan ce masa a nan. Mutumin Adar ne, daga wani ƙauye a yankin Tawa ta Nijar, mahauci, ya fi shekara 30 yana gasa naman da mutanen garin nan suke kira shukuya. Yana kwana a ɓangaren Abobo-Doumé, yana sana'a a Treichville. Da can ta Adjamé yake zagayowa a gbaka, yanzu ba ya iyawa. Ya ce in aka shiga cunkoso hayaƙin salansa ya cika motar, ji yake kamar an ɗora masa buhun shinkafa a ƙirji. A kan ruwa kuwa akwai iska.

Mu nan, in ana maganar tarin fuka a majalisa ko a ƙofar masallaci, mutum iri biyu ake ambata: wane da ya rasu, Allah ya jiƙansa, da wane da ya sha magani ya warke, alhamdulillahi. Akwai na uku da ba a ambata, kuma muna da yawa a cikinku. Mun sha magani, mun warke, ba ma ɗauke da cutar, ba ma sa wa kowa, amma ba mu koma yadda muke ba.

Duk wanda ya bi hanyar nan ya san ta. Wata 6 ne cur. A wata 2 na farko magani 4 ne a haɗe, rifampisin da izoniyazid da pirazinamid da etambutol, sauran wata 4 kuma a ci gaba da biyun farko. Ranar farko fitsarinka ya koma kalar manja, hankalinka ya tashi, a ce maka aikin rifampisin ne, ba jini ba ne. Ka kai kaki a gwada a ƙarshen wata na 2, da na 5, da na 6. In ba a ga ƙwayar cuta ba, sai a rubuta maka kalma ɗaya a kati da cikin babban littafi: guéri, wato ya warke. A yi maka barka, ka fita.

A faɗi gaskiya, wannan ɓangaren yana aiki. Maganin kyauta ne a Kwaddebuwa ƙarƙashin shirin ƙasa na yaƙi da tarin fuka, PNLT, kuma cibiyoyin da muke kira CAT, irin ta Adjamé da ta Treichville, sun ceci rayukan da ba su ƙirguwa, ciki har da na 'yan uwanmu 'yan ci-rani. Sama da mutum dubu 20 ake ganowa da cutar a ƙasar nan kowace shekara, kuma mafi yawansu suna gama magani lafiya. Garin nan ma ya taɓa koya wa duniya darasi. A cibiyoyin tarin fuka na Abijan aka yi binciken da aka buga a mujallar The Lancet a 1999, wanda ya nuna cewa ba masu tarin fuka da ke ɗauke da sida ƙwayar kotrimokzazol mai araha kullum yana rage mutuwarsu da kusan rabi. To amma duk yadda aka ƙware wajen hana mu mutuwa, haka yawanmu yake ƙaruwa, mu da muka rayu da tabo. Littafin da ake rubuta mu kuwa, a nan da ko'ina a duniya, gurabensa ƙididdigaggu ne: wanda ya warke, wanda ya kammala, wanda magani bai yi wa aiki ba, wanda ya ɓace, wanda ya rasu. Babu gurbin wanda ya warke amma ba ya iya hawa bene.

Ni nawa da sauƙi. Wata 3 bayan an sallame ni na koma filin maracana na unguwarmu ranar Lahadi, ina ɗoki. Ko minti 10 ban yi ba na durƙusa a gefen fili ina haki kamar wanda kare ya koro. Abokai suka ce ragwanci ne, jinya ta sangarta ni. Inna ta ce rama ce, ta dage da kunu da madara. Ni kuwa a raina na yanke cewa ciwon ne ya dawo. Sau biyu ina kai kaki a ɓoye, sau biyu ana ce mini babu komai. Kalmar "babu komai" ɗin nan ta fi komai ci mini rai, domin jiki magayi ne, kuma nawa yana gaya mini akwai wani abu. Sai da na shekara 2 a haka kafin na haɗu da likitan huhu da ya sa ni na busa cikin wata na'ura, gwajin da suke kira sifirometiri. Ka cika ƙirji, ka kama bututu da leɓe, ka fesar da iska da iyakar ƙarfinka har sai ka ga taurari. Takardar da ta fito ta nuna hanyoyin iskata sun tsuke. Wallahi ranar daɗi na ji, ko ba komai an yarda ba ƙarya nake yi ba.

Likitan ya yi mini bayani a hankali, daga baya kuma na bi na karanta da kaina. Ashe ba ƙwayar cutar kaɗai ke ɓarna ba. Jiki da kansa, garin yaƙi da ita, yana narkar da naman huhu a inda aka gwabza, abin da ya narke a tofar da shi cikin kaki, wurin ya zama kogo. Magani yana kashe ƙwayar, amma ba ya mayar da naman da ya tafi. Duk wanda ya taɓa ganin gobarar kasuwa ya san haka: 'yan kwana-kwana sun kashe wuta sun tafi, rumfuna kuwa ba sa tashi da kansu. Wani huhunsa yakan warke da tabo mai tauri, ya ƙi buɗewa sosai in ya ja numfashi. Wani hanyoyin iskarsa su tsuke, irin nawa, ya yi kama da wanda ya shekara 30 yana shan taba ko da bai taɓa kunna kara ɗaya ba. Wani kuma hanyoyin su buɗe su saki, majina ta riƙa kwanciya a ciki kamar ruwan kwata, kullum da safe ya cika ƙoƙo da kaki, duk sanyin da ya gifta ya kwantar da shi. Kuma gwargwadon daɗewar da mutum ya yi yana tari kafin ya fara magani, gwargwadon ɓarnar. Ni na yi wata 4 ina shan siro da tazargade kafin na je gwaji. Baba ya ce shi ya kusa shekara.

Masu bincike sun ƙiyasta cewa a shekarar 2020 akwai mutum miliyan 155 a raye a duniya waɗanda suka taɓa yin tarin fuka. Wani nazari da aka buga a 2019, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe daban-daban, ya gano cewa waɗanda suka gama magani suna mutuwa kusan ninki 3 na sauran jama'a tsararsu. Wani na 2021 kuma ya lissafa cewa cikin dukkan shekarun lafiya da cutar take cinye wa 'yan Adam, kashi 47 cikin ɗari bayan an gama magani ne ake asararsu. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Blantyre a Malawi, domin mutane ne irinmu, 'yan kasuwa da leburori. An bi mutum 405 daga ranar da suka gama magani. Kimanin 6 cikin 10 suna da sauran tari ko haki, 1 cikin 3 gwajin busawarsa bai fito daidai ba, sama da 4 cikin 10 hanyoyin iskarsu sun buɗe sun saki, kusan 1 cikin 10 kuma wani sashe na huhunsa ya lalace gaba ɗaya. Dukkansu a littafi an rubuta sun gama lafiya.

Abin mamaki, tun ranar 24 ga Maris 1882 Robert Koch ya sanar a Berlin cewa ya gano ƙwayar cutar, shi ya sa ake ranar tarin fuka ta duniya a wannan rana. Amma taron farko na duniya da aka kira musamman don a tattauna halin waɗanda suka warke, sai a 2019 aka yi shi, a Stellenbosch ta Afirka ta Kudu. Shekara 137 ke nan tsakani.

Labarin Baba ya fi nawa nauyi, kuma ba a tsaye ɗaya ya ba ni shi ba. Mun yi ta haɗuwa a baton safe, yana ba ni guntu-guntu.

Bayan an sallame shi ya koma bakin wuta washegari, domin akwai bakuna 9 a gida da ke jiran abin da zai aika. Ya shekara biyu yana lallaɓawa. Wata damina ya tafi gida noma kamar yadda mutanen Adar suka saba, yana cikin huɗa sai ya ji ɗumi a maƙogwaro, ya tofar, jini ne. Aka kai shi wani asibiti a can, aka ɗauki hoton ƙirji, wanda a nan muke ce wa radiyo, aka ga inuwa a saman huhun dama. Kaki bai nuna komai ba, amma ga jini, ga rama, ga inuwa, sai aka ce ciwon ne ya dawo. Katinsa da tsohon hotonsa kuwa suna cikin akwati a Abijan, babu abin da za a kwatanta da shi. Ya sake shan maganin tun daga farko, wata bayan wata, bai tsallake ko rana ɗaya ba. Jinin bai tsaya ba.

"Ɗana, sau biyu ina warkewa," in ji shi. "Takarda biyu gare ni. Wa ya fi ni lahiya?"

Sai da ya dawo Abijan, wani ɗan ƙauyensu da ke gadi a gidan wani likita ya yi masa hanya, ya ga likitan huhu. Aka yi masa sikana da gwajin jini, aka gano fumfuna ce ta zauna a tsohon kogon da tarin ya bari, ta dunƙule kamar ƙwallo. Sunanta Aspergillus. Irin fumfunar nan ce da ke cikin ƙura da rumbun hatsi da bangon ɗaki mai laima, kowa yana shaƙar ta kullum ba ta yi masa komai, sai wanda ta samu ɗaki a buɗe a ƙirjinsa. Alamominta kusan ɗaya ne da na tarin fuka: tari, jini, rama, kasala. A Gulu ta arewacin Uganda an bi sawun waɗanda suka gama magani, aka ga cikin masu sauran kogo a huhu, mutum 6 zuwa 7 cikin ɗari suna kamuwa da ita kowace shekara. Maganin tarin fuka ba ya taɓa ta. Nata maganin daban ne, itrakonazol, ana sha aƙalla wata 6, kuma rifampisin ma karya ƙarfinsa yake yi in aka haɗa su. Shi wannan ba kyauta ba ne.

A nan sai mai karatu ya yi hattara, kada ya ɗauka ina cewa ciwon ba ya dawowa. Yana dawowa. Wanda ya taɓa yi ya fi wanda bai taɓa ba haɗarin sake yi, musamman a shekarar farko, ko tsohuwar ƙwayar ta farfaɗo, ko ya ɗauki sabuwa a ɗakin da ya ɗauki ta farko. Saboda haka duk tsohon majinyacin da tarinsa ya canza ya wuce mako 2, ko zazzaɓin yamma ya dawo, ko gumin dare, ko wando ya fara yi masa yawa, to ya kai kaki, kada ya ce tabo ne. Abin da nake cewa shi ne ya tafi da katinsa da tsohon hotonsa, kuma maganarsa ta farko ga likita ta zama "na taɓa shan magani a shekara kaza". Hatta na'urar GeneXpert da ake alfahari da ita, burbushin ƙwayar take ganowa, ba ta bambanta rayayya da matacciya, tana iya nuna akwai ga wanda ya gama magani da daɗewa. Shi ya sa likita kan nemi a shuka kakin a ga ko wani abu zai tsiro. Wanda kuma ya ga jini ya wuce ɗigo, kamar cikin ƙaramin kofin shayi, wannan ba na jiran gari ya waye ba ne.

Kuɗin sikana kaɗai ya cinye wa Baba ribar wata. 'Yan ƙauyensu da ke nan suka yi karo-karo bayan sallar Juma'a, wannan jaka ɗaya, wancan jaka biyu, aka sayi maganin watanni 3 na farko. Sauran ya sayar da tumakinsa biyu a gida. Na tambaye shi ko yana da katin CMU, inshorar nan ta sefa 1,000 a wata. Ya ce bai taɓa nema ba, ya ɗauka ta 'yan ƙasa ce kawai. Na ce mazauna ƙasa ake yi wa, kuma ko da ba kowane gwaji ko magani ke cikin jerinta ba, ta fi babu. Har yau muna kan wannan maganar ni da shi.

Amma kuɗi ba shi ne ya fi ci masa rai ba. Likita ya ce masa kai tsaye ya rabu da hayaƙi. Ka gaya wa mahauci ya rabu da hayaƙi! Ranar wata Asabar na bi shi wurin sana'arsa. Yaron da ya koya wa riƙe wuƙa shi ne yanzu a bakin wuta. Baba yana zaune a kujera ta inda iska ke tasowa, yana yanka albasa, yana naɗe nama a takarda, yana karɓar kuɗi. Daga inda yake zaune, da hanci kawai, yana gaya wa yaron ya juya, gefe ɗaya ya fara ƙonewa. Ribar yanzu raba ta suke yi. Abin da yake aikawa gida ya ragu da rabi, har uwargidansa ta aiko a tambaya ko aure ya ƙara a Abijan yake ɓoyewa. Ya ce wannan tambayar ta fi jinin zafi.

Da na duba layin, sai na ga kusan duk sana'o'inmu na garin nan a bakin hayaƙi suke. Mai garba yana tsaye kan kaskon mai yana soya kifi tun safe. Mai shayi da gawayinsa. Mai tura amalanke a Adjamé yana bin bayan gbaka yana shaƙar abin da take fitarwa. Mu koma gida, matanmu suna girki da gawayi a tsakar gida, a turara ɗaki da turaren wuta a rufe taga, da dare a kunna maganin sauro mai hayaƙi. Ga samari da shisha. Huhu mai lafiya yana jurewa shekaru kafin ya yi ƙara, mai tabo ba shi da wannan rarar. Ga kuma ɗakunan nan namu na antire-kushe, maza 6 ko 8 a ɗaki ɗaya mai taga kamar tafin hannu. Lokacin da Baba ya dawo yana tari, abokan ɗakinsa suka fitar masa da tabarma baranda, suka ware masa kofi da kwano. Ban ga laifinsu ƙwarai ba, tsoro ne. Sai dai sun yi abin a juye: lokacin da yake da cutar ta gaskiya, kafin a gano, tare suke kwana a rufe kusan shekara, kuma ba wanda ya je gwaji a cikinsu. Yanzu da ba ya sa wa kowa komai ne aka ware shi. Kuma ta iska ake ɗaukar tarin fuka, ba ta kofi ba.

Ni ma na ɗanɗana nawa. An kai kuɗin gaisuwa gidan wata yarinya a unguwarmu, magana ta yi nisa, sai wata gwaggonta ta ji ina tari a zaure. Bayan kwana 3 aka dawo da kayan, wai an yi istihara. Na nuna wa wakilina katin, ya ce shi ya yarda, amma wa zai bi mata gida-gida da kati? Mata da suka yi ciwon sun fi mu shan wannan. Akwai wata baiwar Allah da na sani tun zamanin benci, tata cutar mai bijire wa magani ce, lokacin ana yin allurar kanamisin watanni. Ta warke, amma kunnenta ya tafi. A wani babban bincike da aka yi a ƙasashen Afirka 9, ciki har da Kwaddebuwa da Nijar, kan mutum 1,006 da aka yi wa magani na wata 9 mai haɗe da allurar, sama da 8 cikin 10 sun gama magani lafiya, amma kimanin 1 cikin 10 jinsa ya lalace sosai. Daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye allurar daga shawararta, tun 2022 ma akwai haɗin ƙwayoyi zalla na wata 6. Ita dai baiwar Allah nan ba za ta sake jin kiran salla ba, kuma a gidan mijinta cewa ake yi ta cika miskilanci, ana magana tana share mutane.

To mene ne abin yi, tunda naman da ya tafi ba ya dawowa? Ni abin da ya taimake ni ya ba ni mamaki, domin kishiyar abin da nake yi ne. Mai haki yana gudun motsi, in ya daina motsi ƙafafu da ƙirji su yi laushi, in sun yi laushi hakin ya ƙaru, sai ya ƙara zama. A asibitin Mulago na Kampala an gwada tara waɗanda tarin fuka ya bar wa tabo, sau 2 a mako har mako 6, ana sa su tafiya da tashi-zauna da ɗaga abubuwa marasa nauyi, ana koya musu numfashi. Ba wata na'ura mai tsada. Sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna sun ƙara nisan tafiya, ciwon ƙirji ya ragu. A 2021 kuma ƙwararru daga ƙasashe da dama suka fitar da ƙa'idoji, na farkonsu shi ne a duba kowane majinyaci a ƙarshen magani, a ga abin da ciwon ya bari, kafin a ce masa sai wata rana.

Likitana ya koya mini in ja iska ta hanci, in fitar ta baki a hankali da leɓe a tsuke kamar mai hura kunu, fitarwar ta ninka ja tsawo. Ya ce in yi tafiya kullum har in ji haki amma ina iya magana, kada in wuce nan. Ya ba ni abin shaƙa, ya ce ba kowane mai tabo yake yi wa amfani ba, sai wanda gwaji ya nuna, kada in ba wani nawa. Ya yi maganar allurar rigakafin mura da ta ciwon huhu, ya sa na gwada suga da sida. Da hunturu, in ƙura ta sauko a Disamba da Janairu, ina sa takunkumi ko da ana yi mini kallon wanda bai ji korona ta wuce ba. Shekara ɗaya da na fara, na bar shiga taksi daga tashar bato zuwa wurin aiki. Ban koma maracana ba, kuma na daina sa rai.

Azumi ya zo mini da tambaya. Na je wajen malaminmu a kan abin shaƙa, ya ce malamai sun saɓa, wasu sun ce ba ya karya azumi tunda huhu yake tafiya, wasu sun ce yana karyawa a rama, ya gaya mini abin da shi ya rinjayar, ya kuma ce kada in bar kaina in shiɗe da sunan ibada. Baba shi matsalarsa sujada ce, in ya kifa kai sai tari ya turnuƙe shi. Ya daɗe yana sallar nafila a gida don kunyar a gan shi a zaune a sahu. Limaminsu ne ya lura, ya sa aka ajiye masa kujera a ƙarshen sahun farko, kusa da taga.

Makon jiya muka haɗu a baton yamma, za mu koma. Ya gama wata 6 na maganin fumfunar, jinin ya tsaya tun wata na 3, amma likita ya ce sai an sake hoto kafin a san ko za a ci gaba, kuma an taɓo masa maganar tiyata, abin da ko jin sunansa ba ya so. Tunaninsa ya rabu biyu. 'Ya'yansa suna cewa ya dawo gida ya huta. Shi kuma yana lissafin ƙurar Adar da rani, da nisan ƙauyensu da likitan huhu mafi kusa, da wanda zai riƙa aika kuɗin hatsi in ya tafi.

Muna gangarawa wajen jirgi sai na ga ya rage sauri, hannunsa ya nufi aljihu.

Na ce, "Baba, bar wayar nan. Mu tsaya kawai."

Muka tsaya a gefen gadar, jama'a suna ratsa mu. Wani matashi ya bangaje shi da kafaɗa ya wuce yana tsaki. Baba ya tsuke leɓe yana fitar da iska a hankali yadda na nuna masa, sau 5 ko 6, sannan ya ce in duba masa takardar da ke aljihun gabansa, ranar komawarsa asibiti Talata ce ko Laraba. Na duba, Laraba ce, ƙarfe 8. Ya ce in na samu sarari in raka shi, domin likitan da faransanci yake bayani, shi kuwa rabi yake kamawa. Na ce zan nemi izini a wurin aiki.